Haruffa Uku a Allon Kyaftin Garwashi

An rufe gidan harbi na Kyaftin Garwashi ranar Juma'a da ƙarfe shida na yamma, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki, ba tare da mutum biyun da suka fi kowa iya shi sun ga juna ba. Ɗaya shi ne Efrain Cintron, mai shekara sittin da takwas, tsohon ma'aikacin ɗakin wanki na wani otel, mazaunin garin Kissimmee kusa da Orlando. Na biyun haruffa uku ne kawai a jikin allo: MLT.

Gidan yana can ƙuryar ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na Orlando. Wasan minti huɗu da rabi ne. Mutum huɗu ke shiga 'yar mota mai bin dogo cikin duhu, kowa da bindigar haske a gabansa, suna taya Kyaftin Garwashi yaƙi da mutanen ƙarfe na Dokta Tsatsa. Duk wanda ka harba, makinka ya hau. A ƙofar fita akwai allo mai nuna gwanaye goma na ranar da lokacin da kowa ya buga, wanda ya shiga cikinsu sai ya danna haruffa uku. Kullum da safe allon fanko yake, ban da layi ɗaya a can sama: gwanin jiya.

'Yar Efrain ce ta saya masa katin shiga na shekara kafin ta koma jihar Ohio da aiki, don idan ta kawo yara hutu ya riƙa raka su. Sau biyu suka zo. Shi ya ci gaba da sabunta katin. Litinin zuwa Juma'a yakan hau bas ɗin ƙarfe takwas da gahawarsa a gora, ya bi layin masu zuwa su kaɗai, waɗanda ake cike gurbin mota da su. Ya zauna kusa da amare, da 'yan makaranta, da wata tsohuwa 'yar Brazil da ta rufe ido daga farko har ƙarshe. Yakan yi zagaye biyar ko shida, ya danna EFC, ya kama bas ɗin sha biyu kafin hadarin yamma.

Shekara uku da suka wuce ya zo wata safiya ya tarar gwanin jiya ba shi ba ne. Wani MLT ya zo da yamma ya wuce shi. Ya rama washegari. Aka sake wuce shi.

Haka suka zauna. Shi da safe, MLT da yamma. Da makin MLT ya yi tsalle a rana ɗaya, Efrain ya gane akwai abin harbi da bai sani ba. Mako uku ya yi yana nema kafin ya ga wani ɓera na ƙarfe a bayan bututu, a ɗaki na uku, wanda ke leƙowa na daƙiƙa biyu. Da aka yi masa aikin gwiwa ya yi kwana goma sha biyu bai zo ba. Ranar da ya dawo da sanda ya buga abin da ya iya, kashegari ya ga MLT ya ninka shi.

"Ka ga rashin tausayi ko, Don Efrain?" in ji Nereida Baez, ma'aikaciyar safe mai zaunar da mutane a mota. Shekara shida ke nan tana duba masa ƙarfen kariya, tana kiransa da Don, laƙabin girmama dattijo a yarensu.

"Sannu da jiki yake yi mini," ya ce. "Da ya raga mini, da na ji haushi."

"To bari in tambayi 'yan aikin yamma mana. Minti ɗaya ne, su ce maka ga kamanninsa."

"Kar ki soma, 'yata."

"Tsoro kake ji ka tarar yarinya ce 'yar shekara tara?"

"Tsoro nake ji ta tarar ni ne."

Ta yi dariya, ta danna maɓalli, motar ta shige duhu da shi. Ba ta tambaya ba.

A watan Yuli aka liƙa sanarwa cewa za a rushe gidan a gina sabo. Efrain ya karanta ta sau biyu a tsaye, ya buga wasansa, ya koma gida. A gida ba wanda zai faɗa wa. Ya kira 'yarsa a Ohio, ba ta ɗauka ba, ya bar mata saƙon murya, ya ce ba komai, gaisuwa ce.

Ranar Alhamis, ana gobe za a rufe gidan, ya yanke shawara. Tunda MLT mutumin yamma ne, da yamma zai je. Ranar Juma'a, karon farko, ya bar bas ɗin takwas ya wuce. Ya yi aski, ya goge farar rigarsa mai aljihu huɗu, ya tsaya shagon 'yan garinsu ya sayi soyayyen burodi mai nama guda biyu, aka saka masa a takarda. Ƙarfe ɗaya da rabi ya iso. Layi ya fito har waje, mutanen da ba su taɓa kula gidan ba duk sun zo ban kwana.

Nereida tana cire rigar aiki ta hango shi.

"Don Efrain! Ina ka shiga? Tun tara nake baza ido. Har na ce ko gwiwar ce."

"Baƙo na zo tarya."

Ta dubi rigar, ta dubi takardar da mai ya fara ratsawa. Ba ta yi dariya ba.

"Zo ka ga allo," ta ce.

MLT ne na ɗaya, ƙarfe tara da minti goma sha huɗu. MLT ne na biyu, goma da minti biyar. Cikin gurbi goma, shida nasa ne. Na ƙarshe sha biyu da minti hamsin, minti arba'in kafin Efrain ya shigo ƙofa.

"Bai taɓa zuwa da safe ba," in ji Efrain.

"Kai ma ba ka taɓa zuwa da yamma ba."

"Kin gan shi?"

"Na zaunar da mutum ya fi dubu biyu yau, Don Efrain. Kowa sanye da hular Garwashi. Ko uwata ce ta shiga sau shida ba zan gane ta ba."

Suka tambayi mai tsaron ƙofar fita. Aro shi aka yi daga gidan lilo saboda cunkoso, ya ce mutane da yawa sun danna haruffa, bai lura ba. Na'urar ɗaukar hoton masu wasa tun Laraba aka kwance ta. 'Yan aikin yamma biyu suka ce sun san haruffan sarai. Ɗaya ya ce yana jin wata mata ce mai furfura. Ɗayan ya rantse wani dogo ne mai kayan aikin asibiti. Suka yi ta musu har aka kira su bakin aiki.

Efrain ya zauna a bencin da ke fuskantar allon. Ƙarfe uku ruwa ya sauko, ya ɗauke. Ya duba hannun duk wanda ya tsaya danna haruffa. Wajen huɗu ya ci burodi ɗaya. Biyar da rabi ya tashi ya bi layin masu zuwa su kaɗai, aka haɗa shi da wani magidanci da 'ya'yansa biyu. Ya sami ɓeran bayan bututu. Ya fito na biyu, ya danna EFC, haruffansa suka zauna tsakanin MLT na sama da MLT na ƙasa. Minti tara suka yi a haka aka kashe allon.

Ofishin wurin ya ce allon ba ya ajiye komai sai haruffa, ba a haɗa shi da katin kowa ba. Sabon gidan zai buɗe nan da shekara biyu, kuma makin kowa wayarsa zai riƙa zuwa, babu allo.

An mayar da Nereida gidan jirgin ruwa na yara. Kafin ta tafi ta rubuta lambar Efrain a takarda, ta sa EFC a sama, ta liƙa a ɗakin hutun ma'aikata, ta bar wata a teburin karɓar baƙi. Zuwa ranar Talata sau ɗaya wayarsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Mai tallar inshorar mota ne. Efrain ba shi da mota.

Katinsa na shekara sai Fabrairu zai ƙare. Har yanzu ba a san ko wane ne MLT ba.