Likita Hagu da Wasiƙa ta Uku

Jama'ata, barkanku da war haka! Ku ma masu karatu a laɓe, ba ku taɓa cewa uffan ba, ina ganinku, sannunku da leƙe. Ku gyara zama, yau labarin wata likita na kawo muku, da yadda wasiƙa ɗaya tal ta hana ta sakat.

A gida Auta ake ce mata. A asibiti kuwa, sashen ɗaukar hoto, Likita Hagu. Ga inda ta samo sunan. Farkon zuwanta ɗakin karanta hoto, ɗakin nan mai duhu da sanyi kamar cikin firji, aka ɗora hoton ƙirjin wani tsoho a kwamfuta. Auta ta hango ruwa kwance a huhu, daɗi ya ɗebe ta, ta rubuta rahoto fit-fit: ruwa a huhun hagu. Ta manta hoto fuskantarka yake yi kamar mutum a gabanka, abin da ke hagunka damansa ne.

Babban likitan da ke kujerar kusa ya leƙo ta saman tabarau.

“Sake duba.”

Ta duba. “Yallaɓai, ai ga ruwan nan.”

“Na gan shi. In aka bi takardarki aka soka wa bawan Allah allura a hagu, ruwan ne zai tsallako ya same ta?”

Ya kai bakin biro can kusurwar hoton, kan ɗan harafin da ke nuna ɓangaren dama. Rahoton bai fita daga ɗakin ba, amma sunan ya fita, har masu tura gadon marasa lafiya sai da suka haddace shi. Shi ma dai bai tsira ba, don Dokta Sake-Duba ake ce masa a bayan ido. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ka ji kamar ka yi kuskure a ciki.

To, an kwana biyu, Auta ta goge, ta kuma kamu da son aikin hoto. Aka buɗe neman gurbin horon ƙwarewa a fannin. Gurabe kaɗan, masu nema kamar kasuwa, in ka rasa sai wata shekarar. Wasiƙun shaida uku ake so daga manyan likitoci. Biyu sun samu cikin sauƙi, daga sashen yara da sashen gaggawa. Ta ukun dole daga likitan hoto za ta fito, kuma ita masu tantancewa suka fi sa wa ido. Wani abin tayar da hankali, mai rubutawa ne ke tura ta kai tsaye, mai nema ba ya ganin ko wasali ɗaya.

Zaɓi biyu gare ta: Farfesa ko Sake-Duba.

Farfesa shi ne shugaban sashen, sunansa na bangon littafin da suka yi karatu da shi. Mutumin kirki, sai dai kullum yana hanyar filin jirgi. Auta ta tare shi a baranda yana jan jaka.

“A'a, 'yata! Kina lafiya? Ya sashen ido?”

“Sashen hoto nake, ranka ya daɗe. Naka.”

“Madalla, madalla! Wasiƙa ko? Ki rubuto duk abin da kike so, ki ba sakatariyata, in na dawo in sa hannu.”

Da ta kai labari gida, Yaya, babban wanta mai shagon gyaran waya, har da tafi.

“Shi ke nan, an gama! An ba ki biro an ce ki yabi kanki, me kuma kike nema? Kawo kwamfutar. Rubuta: haziƙa ce, mai ladabi, ba ta makara.”

“Tana makara,” in ji Umma daga bayan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Umma, ba a tambaye ki ba. Rubuta: tana da haƙuri.”

“Wa? Auta? Ka dai sa tana da barci.”

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta karanta abin da suka haɗa, sai ta daina dariyar. Ka cire sunanta ka sa na mai sayar da katifa, wasiƙar za ta zauna daram. Babu hoto ko ɗaya a ciki, babu mara lafiya ko ɗaya.

“Yaya, ni fa ina tunanin Dokta Sake-Duba.”

Yaya ya ajiye wayar da yake kwancewa. “Wanda ya raɗa miki Hagu? Ke lafiyarki ƙalau? Mutumin da ya san asirinki za ki miƙa wa biro, kuma ba za ki ga abin da ya rubuta ba? Farfesa bai san ki ba, ai nan ne alherin yake!”

Umma ta cije zare ta tsinke. “Ni dai in za a tambayi ɗinkina, a tambayi wadda ta sa rigar. Ko da ta taɓa dawo min da ita.”

Tsaya nan, jama'a. Ku da kuke ta murmushi, da ku ne wa za ku ɗauka? Babban suna da wasiƙar da babu kowa a cikinta, ko mai tabarau da ya ga ranar da kuka kwafsa? Kar ku yi min ƙarya, na san rabinku kun riga kun bi Yaya.

Auta dai washegari ta shiga ɗakin duhu. Sake-Duba na zaune yana juya hoton kan wani yaro.

“Yallaɓai, wata alfarma nake nema. Wasiƙar shaida.”

Bai juyo ba. “Ina tsohon hoto?”

“Na'am?”

“Kin taɓa ganin na yanke hukunci a kan hoto ban ga na baya ba? Ta ina zan san ciwo gaba yake yi ko baya? Buɗo min rahotanninki na farko a wannan allon, na makon nan a wancan.”

Wayyo Auta! Da hannunta ta buɗo rahoton huhun hagu, yana nan da jan gyaran da ya yi masa. Ya jera tsoho da sabo gefe da gefe, ya matso da kujera, yana karantawa yana “hmm”. Shi kuwa “hmm” ɗinsa ba ka sanin na yabo ne ko na jana'iza.

“Yallaɓai, wancan na farkon, ba sai an ambace shi ba ko?”

“Da shi zan fara. Je ki, akwai hotuna na jiran ki.”

Ta fito tana jin kamar ta kai kanta ƙara. Yaya ya yi kwanaki yana kiranta marigayiya. In ta shigo sai ya ce, “Umma, a ba ta kujera, mai ƙarar kwana ta dawo.”

Sai ga saƙo, an kira ta intabiyu. Ɗaki mai dogon tebur, manya a jere, wata babbar likita mai furfura a tsakiya. Ba wata doguwar gaisuwa, ta kunna allo.

“Likita, me kika gani?”

Hoton ƙirji ne. Auta ba ta ko kalli huhu ba, idonta ya wuce kusurwa neman ɗan harafin nan, kamar yadda ta saba tun ranar da ta sha kunya. Ta same shi. Ta sake dubawa.

“Ranki ya daɗe, in alamar nan daidai take, zuciyar mutumin nan a dama take. Ko dai haka aka halicce shi, ko an juya hoton wajen ɗorawa. Ba zan rubuta komai ba sai na tambayi wanda ya ɗauka, na kuma ga tsohon hotonsa.”

Mai furfura ta kalli na kusa da ita, sai ga su suna dariya. Ta ɗaga wata takarda.

“Ke ce Likita Hagu ashe. Malaminki rahoton hoto ya aiko mana, ba wasiƙa ba. Saurara: ‘Hoton farko: ta kira dama hagu. Hoton yanzu: ba ta buɗe baki sai ta nemo alama, ta kuma kama ni da kuskure ba sau ɗaya ba, cikin ladabi. In aka kwatanta da na baya, an samu sauƙi ƙwarai. Shawara: a ɗauke ta kafin wasu su riga ku.’”

Auta ta rasa inda za ta sa fuskarta. Wato mutumin nan ya iya yabo, ɓoyewa yake yi!

Ranar da sakamako ya fito, ihun Umma sai da ya fito da maƙwabta. Yaya kuwa ya tsaya a ƙofar shago yana gaya wa duk mai wucewa, “Ni na ce mata ta je wurin mai tabarau. Tun farko ni na ce!” Umma ta jefe shi da ƙwaryar zare.

Auta ta ruga asibiti, ta faɗa ɗakin duhu ko sallama ba ta gama ba, ta miƙa wa Dokta wayarta.

“Yallaɓai, an ɗauke ni! Ga sunana!”

Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, abin da ba a taɓa gani ba a sashen. Ya miƙo mata wayar.

“Sake duba.”

Ta duba. Sunan nata ne.