Yawun Nababa

"Ki mayar da abin nan cikin jakarki, Tahira," in ji Inna Hure, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba a gidan nan ba."

Tahira ta mayar. 'Yar kwalba ce da ba ta fi yatsa ba, da tsinke mai auduga a kai, sai takardar amincewa da za a dangwala wa hannu. Wata uku ke nan tana ɗawainiya da su tsakanin ƙaramin asibitin garin, inda take aiki, da gidan maƙwabtan nan nata, kamar mai tallan da ba a taya ba.

Nababa yana kwance a tabarma, ƙirjinsa na ƙugi. Ƙanen Inna Hure ne, ya ba hamsin baya, amma hankalinsa bai wuce na ɗan shekara biyar ba. Yaya yake ce wa kowa, har dagaci. Shi ke korar tsuntsaye a gonakin gero, kuma in za a faɗi gaskiya, tsuntsayen sun fi mutanen gari jin maganarsa.

"Yaya," ya ce da Tahira da ƙyar. "Tsuntsaye."

"Ana korarsu, Nababa. Kwanta abinka."

Asiya, babbar 'yar Inna Hure da ke aure a Shanono, ita ce silar kwalbar. Ɗanta Jamil ya shekara shida bai iya haɗa kalma biyu ba. Ta kai shi wani babban asibiti a Kano, likita ta ɗebi jininsa, aka yi ta jira. Da sakamako ya zo, sai likitar ta ce sun ga wani ɗan canji a ƙwayar halittarsa, irin wanda uwa kan ba ɗa namiji alhali ita tana lafiya lau. Amma abu ne da ba a cika gani ba. Zai iya zama shi ne sanadi, zai iya zama canji ne kawai marar illa, kuma shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Ta tambaya ko akwai namiji mai irin lalurar a dangin uwa. Asiya ta ambaci kawunta.

"To a goga mana cikin kumatunsa da wannan," likitar ta ce. "In yana da canjin, shaida ta yi ƙarfi. In ba shi da shi, sai mu nemi dalili a wani wurin."

Asiya so take ta sani kafin ta sake ɗaukar ciki. Ita kuwa Inna Hure autarta Huseina take ji, wadda aka sa wa rana bayan kaka.

"Yanzu ana cewa ƙaddara ce, kowa ya kama bakinsa," ta taɓa ce wa Tahira. "Ranar da takarda ta ce a jinin matan gidan nan yake, wa zai ƙara yi mana sallama?"

"Inna, gwajin zai iya wanke ku ma."

"In bai wanke ba fa?"

Da hantsi numfashin Nababa ya fara sarƙewa. Inna Hure ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe.

"Bari in duba awakin nan. Ki kula da shi."

Ta tafi ta daɗe. Tahira ta rage daga ita sai shi, bakinsa a buɗe, jakarta a gefen ƙafarta. Aikin ba zai kai ƙiftawar ido goma ba. Amma takardar babu dangwale, kuma an koya mata cewa abin da aka ɗauka ba da izini ba sata ne, ko da yawu ne. Tausayin Asiya ya cika ta, tsoron Allah ma haka, ga kuma na Inna Hure. Ta tsoma yatsa a ruwa ta jiƙa masa leɓe.

Inna Hure ta dawo, ta dubi jakar, ta dubi Tahira, ta zauna. Jim kaɗan ta sake tashi, wai za ta ɗora ruwan zafi. Kafin ta dawo, Tahira ta sunkuya tana faɗa masa kalmar shahada a kunne, shi kuma ya riga ya cika.

Daga nan sai aiki ya koma hannun maza. Aka fitar da mata, aka ɗaure masa haɓa, aka yi masa wanka. Kafin azahar an kai shi, kuma jama'ar da ta bi shi ta ba kowa mamaki. Asiya ta iso a kan babur da Jamil a gabanta, ta tarar masu kai gawa har sun dawo.

Bayan la'asar mata suka ragu a tsakar gida. Inna Hure ta matso kusa da Tahira, ta yi ƙasa da murya.

"Yaushe za ki kai Kano?"

"Me fa, Inna?"

"Abin nan."

"Ai ban ɗauka ba. Ke kika ce ba a gidan nan ba."

Tsohuwar ta tsura mata ido.

"Sau biyu na bar miki ɗaki, Tahira. Awaki nawa gare ni? So kike in buɗe baki da kaina in ce a tona asirin gidan ubana? 'Yar garin nan ce ke fa."

Tahira ta dubi jakarta. Babu wani namiji mai irin lalurar da ya rage a danginsu, dukansu sun san haka.

Asiya tana zaune a bakin rumbu, kuma ta ji komai. Ba ta dubi uwarta ba, ba ta dubi Tahira ba. Jamil yana kan cinyarta, tana ba shi fura da ludayi. Ta goge masa haɓa da gefen mayafinta, ta ɗebo wata, ta tsaya tana jira ya haɗiye.