Gidan Sistocin Uwa Pennock

A unguwar Covent Garden ba wanda ke kiran abu da sunansa. Gidan karuwai gidan sistoci ne, kamar na matan Katolika masu zaman ibada ba aure, matan cikinsa sistoci, magajiya kuwa Uwa, sai ka rantse ƙararrawar addu'a ke tashinsu da asuba. Mazan Landan ne suka ƙago wannan yare, don su riƙa zancen iskancinsu a gaban matansu ba tare da an harbo jirginsu ba. A ganinsu sun ƙure wayo.

Keziah Tibbet ta shekara uku a gidan Uwa Pennock. Aikatau ya kawo ta daga ƙauyensu na Suffolk, aka kore ta a kan cokalin azurfa da ba ita ta ɗauka ba, sauran labarin kuwa kowace mace a layin tana da irinsa. Gida take so ta koma, ba ta da wani buri bayan wannan. Sau biyu tana rubuta wa ubanta cewa ba ta da lafiya, ko uffan bai ce ba. Amma ta san halin Obadiah Tibbet, dattijo a cocin da ba ya ga maciji da Katolikan Roma, wanda ko sunan Fafaroma aka ambata sai ya tofar da yawu. Sai ta aika masa da layi ɗaya tak: Baba, na shiga gidan sistoci.

Bayan kwana tara ya iso. Da hantsi ya doki ƙofa da sandarsa, Littafi Mai Tsarki a hammata, ya tarar da Uwa Pennock a falo tana tsiyaya barasa cikin shayinta.

"Ina shugabar wannan ramin na Roma?"

"Ga ni, yallaɓai. Sai dai ka yi sammako, sistocin nawa ba su tashi ba. Sun sha ibada jiya."

Wasu mata biyu da ke leƙe daga bene suka kwashe da dariya.

"Ina gumakan? Ina kuka ɓoye fada, limamin naku?"

"Fada kuma? Akwai dai wani fasto da ke zuwa mana ran Talata, amma naku ne, ba na Roma ba. Hannunsa a sake yake, bawan Allah."

Keziah ta sauko da ƙullin kayanta. Ta ga furfura ta cinye kan uban, tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta bari Uwa ta ci gaba da wasa da shi ba.

"Baba, nan gidan karuwai ne. Haka ake kiransa a garin nan."

Obadiah ya dubi jajayen labule, ya dubi matan bene da rigunansu da ba su rufe komai ba, ya nemi kujera ya zauna.

"Wato ba ki durƙusa wa gunki ba?"

"A'a, Baba."

"Ba ki ja carbinsu ba? Ba su yayyafa miki ruwan nan nasu ba?"

"Ko ɗaya."

"Godiya ta tabbata ga Allah," in ji shi, da wata ajiyar zuciya mai nauyi. Har ya karɓi shayin da Uwa ta miƙa masa, da burodi mai man shanu, ya cinye tas.

Keziah ta gyara riƙon ƙullinta. "To mu tafi, kada keken doki ya tashi ya bar mu."

"Mu tafi ina?"

Ashe kafin ya taso sai da ya miƙe a coci ya shelanta cewa Roma ta sace masa 'ya, zai je ya ƙwato ta. Mata sun yi kuka, an raka shi har bakin gari da waƙa. Faston ƙauyensu ya riga ya rubuta huɗubar ranar da za ta tsaya gaban jama'a ta tuba, ubanta a gefenta kowa na sa masa albarka. Abin da ya taho ɗauka ke nan, ga shi babu.

"Wadda Katolika suka yaudara ana dawo da ita da kai a sama," ya ce. "Wannan fa? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Baba, ba sai sun sani ba! Ka bar su a kan abin da suka ji. Zan tsaya in la'anci Fafaroma, in yi kuka, duk abin da kake so zan faɗa. Ka dai fitar da ni daga nan."

Ya miƙe tsaye, ya rungume Littafin a ƙirji, ransa a ɓace da gaske.

"In yi ƙarya a ɗakin Allah? Ni? Lallai wurin nan ya lalata ki."

"To me za ka ce musu in ka koma kai kaɗai?"

Ya kakkaɓe ɓarɓashin burodi daga rigarsa, ya sa hula.

"Zan ce na roƙe ki har da hawaye, kin ƙi biyo ni."