Shanu Fa, Malam?

Malam Armiya'u ya gaji da ɗaliban da ba su san komai ba sai riba. Shekara uku yana koyar da darasin kasuwanci da haƙƙin al'umma a wata kwaleji a Ƙaura Namoda, kullum maƙogwaronsa na bushewa: a ci riba, amma a bar wa jikoki ƙasar da za su noma. Su kuwa sai hamma.

Ranar da dabara ta faɗo masa, har rawar jiki yake yi. A daina sare itatuwa. A kwashe karan gero da na dawa da ake watsarwa a gona, a yi gawayi da shi a sayar.

Mubaraka ce kaɗai ta ɗaga hannu, wata 'yar Gurbin Bore da ba a cika jin muryarta ba.

"Malam, shanu hwa? Mi za su ci?"

Haushi ya turnuƙe shi. Ana maganar ceton daji, ita tana maganar shanu!

"Nan ajin kasuwanci ne, ba ruga ba," in ji shi. Aji ya kwashe da dariya.

Don a san da gaske yake, da gonar mahaifinsa ta garin Banga ya fara, gonar da gidansu duka ke ci daga gare ta. Tsohon, Baba Maitama, ya soma magana, ɗan ya tare shi da Turanci. Kaka biyu ɗalibai suna share gonar tas kamar tsakar gidan amarya. Gawayi ya karɓu, kwaleji ta ba Malam lambar yabo.

A kaka ta uku ya tafi gida da lambar a jaka, yana jin kansa. Ya tarar da tsohon zaune gindin rumbu.

"Leƙa ciki," in ji Baba.

Ya leƙa. Ko rabi bai kai ba, ga damina mai albarka da aka yi. Ya juyo ya dubi tsohon.

"Shekara talatin Jaji Bahillace na sauka gonag ga da shanunai bayan girbi. Su ci kara, su bar muna taki. Ba mu taɓa rubuta shi ga takarda ba. Da kunka share, ya zo ya ishe ƙasa tsirara, ya wuce Zurmi. Miƙo hannunka."

Ya ɗora masa zangarniyar gero guda, siririya, ba ta fi yatsa ba.

"Kai wa ɗalibanka. Ka ce ga abin da jikokina za su ci."

Kunya ta rufe Malam Armiya'u, ya kasa buɗe jakar. Ranar Litinin ya shiga aji, ya ajiye zangarniyar a tebur, ya nemo Mubaraka da ido can baya.

"Tashi ki maimaita tambayarki," ya ce. "Da ƙarfi."