Wandon da Ba a San Mai Shi Ba

Ranar Talata da hantsi tsohon tela ya daina gane 'yarsa. Ta shiga shagon da ke jikin gidansu riƙe da maganinsa, ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Baiwar Allah, ɗinki kika kawo?" Ba ta yi mamaki ba. Rigunan da yake ɗinka mata sun riga sun nuna ranar tana tafe.

Malamar makaranta ce, kuma a sanin kowa ita ce 'yarsa ta fari. Bara ta kai shi asibiti bayan an tsinci almakashinsa a cikin firji. Likita ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwarsa a gaban fitila, ya nuna mata inda naman ya motse ya bar gurabe baƙaƙe. Ya ce abin da ya faru jiya shi ke fara zubewa, na da can ya biyo baya, abin da hannu ya saba yi kuwa shi ne ƙarshen mantuwa. "Ku bar masa kekensa," in ji shi.

Tela bai taɓa rubuta awo ba. Da taƙin hannunsa yake auna mutum, ya adana a ka. Da masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, sai ya koma yi wa 'yarsa.

"Uwata, zo ki gwada."

Rigar ta tsaya mata a kafaɗa. Awonta ne na shekarar da ta yi aure.

"Baba, wannan ai sai na daina cin abinci."

"To, wa ya ce ki riƙa cin na mutum biyu?"

Suka yi dariya. Bayan wannan sai ya ɗinka mata kayan makaranta na yarinta, aljihun a hagu domin ita bahaguwa ce. Sai wata 'yar riga ta mai koyon tafiya. Ta jera su a igiya, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta, a nan ta gane cewa baya yake tafiya, ita kuma tana raguwa a cikin kansa. Ta makon jiya ta jaririya ce, ba ta wuce tafin hannunta ba. Daga ita babu sauran awonta.

Abin da ta tarar a kan keke ranar Talatar wando ne, na yaron da bai isa makaranta ba. Ƙafar hagu ta gaza ta dama da yatsa biyu.

"Baba, ƙafar nan ta yi gajere."

"Haka ƙafarsa take." Ya kalli bayanta, ƙasa-ƙasa, daidai gwiwarta. "Kai, sakar wa baƙuwa zani."

Ba ta waiwaya ba. Ta ajiye maganin ta kira gwaggonta, ƙanwar telan, a waya.

Gwaggo ta zo, ta ɗaga wandon, ta haɗa ƙafafun biyu ta duba, sannan ta ajiye ta goge hannunta a mayafi.

"Rikicin tsufa ne, 'yar nan."

"Gwaggo, akwai wani kafin ni?"

"Uwarki tana ƙasa. Ki bar ta ta huta."

Ta fita ba sallama, har ta bar jakarta a kan benci.

Tela ya goge wandon, ya rataye a ƙusar da yake ajiye ɗinkin da ke jiran mai shi. Da yamma malamar ta kai shi ɗakinsa, ta kulle shagon da hannunta, ta sa makullin a aljihu.

Washegari ta buɗe ta tarar ƙusar babu komai. Mahaifin nata ya biyo ta a baya, fuskarsa a sake.

"Ya zo ya karɓa," ya ce. "Ya yi masa cif. Baiwar Allah, ke fa, ba ki kawo yadin ba?"

Gwaggo ta rantse ba ta sake taka gidan ba, kuma jakarta na nan a kan benci yadda ta bar ta. Makullin shagon ɗaya ne. An duba ƙarƙashin keke, an zazzage buhun ƙyallaye, an ɗaga katifar tsohon. Har yanzu ba a ga wandon ba.