Ta Ina Hotunan Yasmin Suka Fita

Fatu maƙwabciya ce ta shigo da maganar da hantsi, ko zama ba ta yi ba.

"Malama, an ce injin jikanki ne. Wai duk wayar da aka jona a soket ɗaya da shi, sai ya zuƙe hotunan da ke cikinta ta wayar wuta."

Malama Halimatussa'adiyya ta ajiye kofin kununta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata, kuma har yau babu abin da ke tayar mata da tsikar jiki irin "an ce".

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa ɗan gidan wa ne?"

Fatu ba ta yi dariya ba. Hotunan Yasmin ne, 'yar Modibbo Ja'afaru na gidan da ke kallon nasu, wadda ya rage sati biyu a ɗaura mata aure. Hotuna shida, a ɗakinta, kai ba ɗankwali, tana gwada kitso da lalle. Jiya wanta ya gan su a wayar wani direban keke a kasuwar Wunti. Yasmin ta rantse ba ta tura wa kowa a waje ba. Sai aka tuna cewa a unguwar nan ta Yelwa gidan Malama ne ke da sola, a nan Yasmin ke kawo cajin wayarta, kuma a falon nan Abdulrauf, jikan Malama, ke jona injinsa.

"Modibbo ya ce bayan la'asar mai unguwa zai zo zaurensa," in ji Fatu. "Daga can sai ofishin 'yan sanda."

Malama ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauki tabarau, ta sake dawowa ta ɗauki wayarta.

Ta samu Abdulrauf zaune a bakin katifa, ya riga ya ji. Shekararsa ashirin da huɗu, bara ya gama bautar ƙasa, ranar Litinin ake jiransa da takardunsa a wani kamfani a Abuja. Injin wasan gem ɗin na gefensa: baƙin abu mai faɗin tafin hannu biyu, da allo a tsakiya da maɓallai hagu da dama.

"Maigidana, kai ne?"

"Haba Kaka."

"Ban ce haba ba. Kai ne?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"To. Rantsuwa ta Modibbo ce, ni gwaji nake yi. Miƙo abin."

Ta juya shi a hannu kamar mai duba kaza a kasuwa. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta bi gefensa da farce tana ƙirga ramuka.

"Wannan fa?"

"Na caji. Da shi kuma ake jona shi da talabijin, in an sa wancan ƙaramin akwatin mai ramuka da yawa."

"Wannan zagayayyen?"

"Na iyafis."

"Na ƙasan nan, siriri?"

"Na memori."

"Uku kenan. Waɗanda ido ba ya gani fa?"

"Waifai da bulutut."

"Biyar. Ɓarawon da ya shiga gida mai ƙofa biyar, dole ta ɗayarsu ya bi. Taso."

A falo ta ɗauki hoton butar alwala da wayarta. Ta jona wayar a soket ɗaya da injin, ta ce a ba su minti goma. Ba ta iya zaman minti goman ba. Ta leƙa kicin, ta kwashe shanyar da ba ta bushe ba, ta tsaya a taga tana kallon ƙofar gidan Modibbo, inda aka riga aka fara share zaure. Da ta dawo ta sa Abdulrauf ya buɗe duk lungun injin. Babu buta.

"Wuta ba ta san hoto ba," ta ce. "Na faɗa wa uwar Fatu wannan tun tana aji uku. Na gaba."

Suka gwada bulutut. Wayarta ta tambaya ko ta yarda, ta ƙi, komai bai wuce ba. Suka haɗa wayar da injin kai tsaye da kebul. Wayar ta ci gaba da caji abinta, sai da Malama ta buɗe ta da hannunta ta ba da izini sannan butar ta bayyana. Waifai kuwa babu shi a gidan tun watan jiya. Ramin iyafis ta yi masa kallo ɗaya ta wuce.

"Kin gani? Sai mai waya ya yarda."

"Kada ka yi saurin murna, saura ɗaya. Ba na barin gwaji rabi."

Ta ɓalle bayan wayarta, ta zaro memorin da tsinken ɗankunne, ta ba shi. Ya tura shi a ramin ƙasa, ya yi ƙas. Wannan karon ba a tambayi kowa izini ba. Komai ya zubo a allo: karatun tafsiri, hotunan sunan jikar ƙanwarta a Tirwun, takardar asibiti. Sannan fuskar Yasmin, tana murmushi, kitso rabi a kwance.

Abdulrauf ya kawar da kai da sauri. Malama ta tsaya da tabarau a hannu.

Ta tuna. Sati uku da suka wuce tana tuƙa tuwo yarinyar ta shigo da zumuɗi. "Malama, bari na tura miki ki zaɓa min kitso, idonki ya fi na Inna." Ta ce mata to, hayaƙi na shigar mata ido, ba ta kuma sake bi ta kai ba. Ita ma Yasmin ba ta lissafa Malama a cikin mutanen waje ba.

"Kaka," in ji Abdulrauf a hankali, "wa ya taɓa riƙe memorin nan bayan ke?"

Ta zare memorin daga injin. Ta ja mayafi.

Ana kiran azahar ta tari keke. A shataletale cunkoso ya riƙe su, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙarfen kujera da zobe har direban ya waiwayo. A bakin kasuwar Wunti ta sauka gaban rumfar Mansir mai turi, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da karatu a memori. Asabar waccan ta kawo masa nata ya ƙara mata tafsiri, ta tafi sayen kayan miya ta dawo ta karɓa.

"Malama ikon Allah. Har kin cinye wancan karatun?"

"Mansir, in an ba ka memori, me kake fara yi?"

"Aikin ai ɗaya ne. Na kwashe duk abin da ke ciki na ajiye a kwamfuta, na wanke shi saboda bairos, na mayar wa mutum kayansa, sannan na zuba sabo. Ba a taɓa cewa na ɓatar da hoton wani ba."

"Wanda ka ajiye a kwamfutar fa?"

"Ina gogewa."

"Kullum?"

Ya sosa ƙeya. "In kasuwa ba ta cika ba."

"A ina kake ajiyewa?"

Ya nuna mata. Folda ce guda, ya sa mata suna Sababbi, don ita ce kullum a buɗe a gabansa. Kuma ita yake juyewa gaba ɗaya ga direbobin da ke tsayawa a gurguje su ce a zuba musu sababbi. Ta ce ya gangara ƙasa. Tsakanin waƙoƙin biki da wasan barkwanci, ga takardar asibitinta, ga jaririyar Tirwun, ga Yasmin.

Mansir ya sauke hannunsa daga kan kwamfutar.

"Mutum nawa ka zuba wa?"

"Malama, tun Asabar waccan... ban ƙirga ba."

Ta tsaya a kansa har ya goge. Ta san gogewar ba za ta dawo da ko ɗaya daga wayoyin da suka riga suka watsu ba. Ya biyo ta har bakin titi yana cewa yana da 'ya'ya uku, don Allah kada ta ambaci sunansa. Ba ta yi masa alkawari ba.

A gida ta yi sallah a makare. Abdulrauf na tsaye a tsakar gida da takalmi a ƙafa. Ta faɗa masa abin da ta gano a rumfar Mansir.

"Ki ce Mansir ne kawai. Ai shi ya watsa. Ba sai an ji ta hannun wa ya samu ba."

"In Modibbo ya ce ina Mansir ya samu hoton 'yarsa?"

"Ki ce ba ki sani ba."

"Sai su ce kai ka kai masa."

Ta naɗe sallayarta ta miƙe.

"Ɗauko injin, da soket ɗin, da kebul."

Zauren ya cika. Modibbo na kan buzu da carbi, mai unguwa a damansa, yayyen Yasmin biyu a tsaye jikin bango. Mata sun taru a bayan labulen ƙofar ciki. Rabin waɗanda ke bayan labulen nan sun taɓa zama a ajinta, ita ce ta riƙa yi musu faɗa kan sakaci.

"Malama, da kin zauna a gida," in ji Modibbo. "Tsakaninmu da ke sai girmamawa. Maganar yaron ce."

"Na sani, Modibbo. Na zo da injin, duk mai so ya jona wayarsa ya gwada, har magariba ina nan. Ba ya zuƙar komai ta wuta."

"To ta ina suka fita?" in ji babban wan.

Ta buɗe tafin hannunta. Memorin bai kai farcen ɗan yatsa ba.

"Ta nan. Yasmin ta tura min hotunan na zaɓa mata kitso, ban duba ba. Na kai memorin wurin mai turi da su a ciki, daga kwamfutarsa suka shiga wayoyin mutane. Abdulrauf bai taɓa ganinsu ba sai yau. Ni na fitar da su daga unguwar nan."