Buhu Huɗu na Ƙasar Gida

Ƙasimu ya tsaya a tsakar gidan hayarsu na Gyaɗi-Gyaɗi yana kallon alayyahun da ya yi kore shar a cikin buhuna. Wata shida ke nan yana cika wa abokansa masu adaidaita baki da wannan shuka. Ƙasar garinsu ce, buhu huɗu ya ɗebo daga Zamfara, a gefen ramukan da masu haƙar zinare suka tashi suka bari. A cewarsa, ƙasar Kano ba ta san shuka ba.

Ɗazu ƙanensa Garba ya bugo waya daga gida. Ma'aikatan lafiya sun auna ƙasar wurin, sun tarar gubar dalma ta cika ta. An hana noma da kiwo a can, yara uku suna kwance.

Ga Nafisa, 'yarsa mai shekara uku, kullum da miyar alayyahun nan take cin tuwo, ta ƙoshi ta tsuguna gindin buhunan, hannu a ƙasa, hannu a baki.

"Uwani, ɗauko mayafinki mu tafi asibiti," ya ce wa matarsa. "Da hannuna na kawo wa yarinyar nan guba."

Uwani ta saurari bayanin har ƙarshe, sai ta sunkuyar da kai.

"Baban Nafisa, in na nuna maka wani abu, ba za ka yi faɗa ba?"

Ta ja shi bayan makewayi, ta ɗaga wani tsohon kwano. Ga buhunansa huɗu a jingine, uku da ƙullin igiyarsa yadda ya ɗaure su.

"Ɗaya na buɗe, na ga tsakuwa ce zalla, ko ciyawa ba za ta fitar ba. Kana fita aiki na je Darmanawa wurin yayata, na samo ƙasa da takin awaki, na cika wasu buhunan, a cikinsu aka shuka alayyahun. Da na ga yadda kake alfahari, sai na kasa faɗa maka."

Ya zauna daɓas, yana hamdala, hawaye na zuba, shi da ko a jana'iza ba a ganin kukansa.

Duk da haka sun kai Nafisa an gwada jininta, aka ce lafiya lau. Buhunan Zamfara kuwa ma'aikatan lafiya suka zo da safar hannu suka kwashe.

Ran nan da ya sharce kwanon miya ya miƙa a ƙaro masa, Uwani ta ce, "Ta ƙasar Kano ce fa, wadda ba ta san shuka ba."

Ya yi dariya har ya ƙware. Can ya wanke hannu, ya ɗauki waya ya kira Garba.

"Turo mini yaranka nan su zauna. Akwai wuri, akwai miya."